Ragon Da Na Riga Mutuwa Yankawa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar rufe horon da aka ba mu, mu malaman lakwal, wato makarantun boko, na Gure, a kan cututtukan da mutum ke ɗauka daga dabbobi. Mako shida muna karatu ta salula, kowa a gidansa, sa'an nan aka tara mu wuni guda gaban likitar dabbobi.

Ni tarbiyyar makarantar mishan gare ni, inda rabin daidai kuskure ne. Kowace jarrabawa ashirin bisa ashirin na ci, har na aika wa masu horon jerin kurakuran rubutunsu (ba wanda ya roƙe ni).

Ana gobe taro, ragona ya ƙi ci, ya kwanta yana makyarkyata. Na yi abin da na ga ubana yana yi: na sa masa wuƙa kada ya tafi a banza. Aka gasa, na ɗauki tire guda domin karrama abokan aiki.

Likitar ɗalibata ce a dā, wadda na sha kora daga aji saboda ƙazantar kaye, littafin rubutunta. Ta ga nama, ta ce, "Baba Direkta, wannan hidima haka? Suna aka yi?"

Na gyara zaman tabarau, na ce, "Ciwo ya kayar da shi jiya, amma wuƙata ta riga mutuwa."

Wani malami daga garin Gidigir da ya riga ya ɗauki tsoka ya mayar da ita a hankali. Darasi na uku ke nan, kar a ci dabbar da ta kwanta ciwo, kuma ni na gyara wa darasin waƙafi!

Ba ta yi dariya ba. Ta rufe tiren, ta tambaye ni a ladabce, "Wa ya feɗe? Su wa suka ci a gida?" Jikokina biyu sun ci hanta. Take ta kai mu asibiti a motarta, ta sa aka binne nama da fata. Kwana goma muna auna zafin jikinsu, Allah ya kiyaye.

Har yau ina gode mata, domin ba ta rama ko kora ɗaya ba. Na kuma gane cewa ana iya haddace darasi sarai, hannu bai ji labari ba.