Karsanar Hammadu da Rangwamen Manya

Ranar Litinin na yi sammako na bi layin kananzir a kanti, karo na tara ke nan a wannan wata. Hantsi na dubar ludayi aka turo taga aka ce ya ƙare. Na rataya kwalbata na biyo ta bayan gari ina shirya abin da zan faɗa wa uwargida Talatu, sai wani farin abu kamar ƙwan zabo ya faɗo daga sama ya sami kwalbar. Aka bar ni riƙe da igiya da wuyan kwalba. Wani akawu ya zo a guje, bai tambayi lafiyata ba, ya tambayi inda ƙwallon Mai Girma ya nufa.

Ga wanda bai sani ba, manyanmu na Azare sun koyo wani wasa wai shi golof. Ramuka tara ne a fili, a yi ta korar ɗan ƙwallo da sanda har ya faɗa kowanne, wanda bugunsa ya fi ƙaranci shi ya ci. Gefen kowane rami an zuba yashi an kwarara masa baƙin mai don ya kwanta luf. Fitilarmu ba ta samu ba, amma yashi ya sha ya ƙoshi. Allah ya ƙara wa manya basira.

Filin nan makiyayar maƙwabcina Bafulatani Hammadu ce. Ciwon bushiya ya share masa garke shekara biyu da suka wuce, ya bar shi da tsohuwar saniya ɗaya da 'yan awaki. Da ya kai kukan an cinye masa wurin kiwo, Mai Girma Uban Kulob, wato shugaban ƙungiyar wasan, wanda tumbinsa ke riga shi shiga zaure, ya ce a sa sunan Hammadu cikin 'yan wasa don duniya ta ga adalci. Aka kuma yi shela cewa wanda ya ci gasar kaka zai tafi da karsana. Hammadu ya je ya gan ta, ja ce mai farin goshi, tun ranar ba shi da zance sai nata. Da ita yake son ya ta da garkensa.

To wasan yana da wata doka da ake kira rangwame. Kafin gasa ana gwada kowa, wanda bai iya ba a yafe masa bugu kaza, don gurgu ma ya yi tsere da mai ƙafa. Da na ji haka har ƙwalla na kawo, na ce ashe akwai inda ake tausayin mai rauni a ƙasar nan.

Sai ga shi duk damina manyanmu sun zama ba su iya komai ba. Uban Kulob ya buga ƙwallo cikin dawar mutane, ya buga cikin kududdufi, magatakarda na biye da shi yana rubutawa. Ban taɓa ganin mutum yana kuskure yana murmushi ba sai shi. Na gane dawar garin, na sami Hammadu ana gobe za a gwada shi.

Na ce, "Hammadu, gobe ka yi ta barbaɗa kuskure. In rami na gabas, ka buga yamma."

Ya ce, "Malam Ya'u, ni da sanda a hannu, in kuskure da gangan mutane na kallo? Tun ina ɗan ƙarami nake kaɗo goruba da jifa ɗaya. In labari ya je ruga me zan ce wa Goggo?"

"Ka ce mata dabara ce."

"A wurinmu sunanta abin kunya."

Haka ya je ya buga iya gaskiyarsa. Kwamitin gasa ya yaba masa ƙwarai, ya rubuta cewa gwani irinsa ba ya bukatar rangwame ko ɗaya. Shi kuwa Uban Kulob, bawan Allah, an tausaya masa da bugu talatin.

Ranar Asabar aka yi gasa, Mai Girma ya warke sarai. Ya gama da bugu saba'in, aka cire talatin, saura arba'in. Hammadu ya gama da talatin da tara. Ni da ban yi makarantar boko ba na ƙirga da yatsu sau biyu, na ga Bafulatani ya ci. Har ya kwanto igiya daga ƙugunsa ya nufi karsanar.

Sai kwamiti ya ce a dakata, ya koma gindin tsamiya. Kwamitin mutum uku ne: magatakarda, da surukin Uban Kulob, da Uban Kulob da kansa, wanda saboda tsananin adalci ya juya baya lokacin da ake maganarsa. Suka fito da bayani cewa Mai Girma ya kwana da mura, kuma ba a sa murar cikin lissafi ba, don haka an ƙara masa rangwamen bugu biyu. Ya yi atishawa ɗaya don shaida, aka tafa. Hammadu ya naɗe igiyarsa. Wallahi raina ya ɓaci, don na san abin da karsanar nan take a wurinsa.

To ranar Litinin ɗin nan, ina tsintar gutsattsarin kwalbata, sai ga Hammadu yana jan karsanar da waccan igiya. Na yi masa barka, na ce ashe manya sun ji kunya.

Ya ce, "Ba tawa ba ce, Malam. Kwana biyu tana kuka a gidan Mai Girma ta ƙi cin komai, shi ne ya aiko in riƙa yi masa kiwo. In ta haihu, nono nawa, ɗan maraƙi nasa."

"A ina za ka yi kiwon, tunda an ƙwace filin?"

"Ya ce ita tana iya shiga. Tsohuwar saniyar tawa ce dai ba ta cikin kulob."

Ya shafa farin goshinta, ya ja ta suka wuce.

Ni ma jiya na koma kanti na nemi rangwame, tunda sau tara ana gwada ni a layi ina faɗuwa. Mai awo ya dube ni da tausayi, ya ce masu rangwame ba sa bin layi, ta ƙofar baya ake kai musu.