Sarkin Direbobin Samaru

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da aka zo har gida aka yi mini godiya a kan alherin da ban yi ba. Zagi a kan laifin da ban aikata ba na saba da shi, kowane malamin makaranta ya saba, ana kwana ana tashi ya wuce. Amma godiyar da ba ka cancanta ba, ga kula biyu a gabanka ana ɗaga hannu ana yi maka addu'a, wannan har yau ban ga maganinta ba.

Ni malamin Tarihi ne a wata sakandare a Samaru, shekara ashirin da ɗoriya ina fama da alli. Idan ka tambayi tsofaffin ɗalibaina abin da suka fi tunawa game da ni, ba daular Borno za su ce maka ba, durowar teburina za su ce, wadda nake kulle wayoyin da na kama ana buga gem da su a ƙarƙashin benci. Ina ma da huɗuba ta musamman a kan haka, mai gabatarwa da gundarin jawabi da kammalawa, inda nake tabbatar da cewa wasan kwamfuta gara ce mai cin ƙwaƙwalwa.

To, garar ta zo ta kaina. Wata rana lokacin hutu, malamin kwamfuta na makarantarmu ya ce in ɗan riƙe masa wani abu zai je ya yi alwala. Abin kuwa wasan tuƙin tirela ne. Ba harbi, ba dambe. Ka ɗauki kaya a wannan gari ka kai wancan, ka tsaya a danja, ka sha mai, ka sa sigina kafin kwana (abin da ban taɓa ganin direban tirela na gaskiya ya yi ba a hanyar Funtuwa). Bawan Allah ya yi alwala, ya yi salla, ya ci abinci ya dawo, ya tarar ina ribas da lodin katako, harshe a waje. Da ya nemi kujerarsa sai na ji bakina ya ce, "Bari in sauke kayan mutane tukuna."

Na sa wasan a tsohuwar laftof ɗina, wadda na yi digiri na biyu da ita. Tirela ta riƙa tafiya kamar hawainiya, fanka tana kuka, ƙasan laftof ɗin ya yi zafin da za a soya ƙwai. Sai na yanke shawarar sayen wata. Na yi karatun abin kamar zan zauna jarrabawa. A bayan littafin tsara darasina na rubuta cewa katin girafik shi ne gaba, sai ram mai ba ta ƙarfin ɗaukar aiki, sai furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, kuma kada a ruɗu da kibod mai fitilu kala-kala. Na kuma gano abin da kowa ya riga ni sani, cewa sabuwa dal ba ta malamin makaranta ba ce. Tokumbo mai lafiya zan nema, wato ta hannu.

Haka na hau mota zuwa PZ, unguwar shaguna a nan Zariya, na shiga shagon wani da aka yaba mini, Obinna, haifaffen unguwar Muchia, wanda Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina nesa ba kusa ba.

"Malam, wane aiki za a yi da ita?" in ji shi.

Tambaya ce mai sauƙi. Sai dai a bakin kanta akwai wani mai gemu da ya rusuna ya gaishe ni, tsohon ɗalibina ne, wanda wayarsa ta taɓa yin zango guda cur a durowata. Na dube shi, na tuna furfurata, na tuna huɗubata. Sai na gyara murya.

"Ba tawa ba ce. Ta ɗiyar yayata ce. Tana karatun zanen gine-gine a jami'a."

Ƙaryar ta yi mini kyau, domin rabinta gaskiya ce. Yaya tana da 'ya, Sa'adatu, kuma zanen gine-gine take karantawa, kuma irin kwamfutar 'yan gem ce ke iya ɗaukar aikinsu. Abin da ban lissafa ba shi ne gidan Yaya a Unguwar Gabas yake, da ƙafa ma ana zuwa PZ.

Obinna ya ware ido. "Wata mai tabarau? 'Yar siririya, mai yawan tambaya?"

"Ita ce," na ce, har da alfahari. (Mai karatu, a nan ya kamata in ɗauki hulata in gudu.)

"Kai, Malam, Allah ya biya ka! Sau uku yarinyar nan tana zuwa ta duba waccan baƙar, ta shafa ta, ta tafi."

Ni kuwa idona yana kan wata ja mai araha, mai fitilu kamar motar amarya, duk da gargaɗin da na rubuta wa kaina. Obinna ya janye ta daga gabana. "Bar wannan, Malam. Ta 'yan gem ce marasa aikin yi. Zafi take yi, batirinta ba ya kai ka ko Kwangila da ke nan kusa." Na gyaɗa kai, na ce ai yaran zamani sai addu'a, har na ɗan gutsuro masa sakin layi ɗaya daga huɗubata. Mai gemu ya ce, "Wallahi Malam bai canja ba."

Aka sauko da baƙar. Obinna ya kunna ta ya bar ta tana aiki, ya ce in sa hannu a inda iska ke fita in ji. Ya duba sikirin lungu-lungu, ya danna kowane maɓalli, ya ce sai an ƙara mata ram saboda zanen yarinya yana da nauyi. Na biya kuɗin ram ɗin da tirelata ba ta nema ba. Da muka zo ciniki kuma sai ya yi mini ragi mai tsoka ba tare da na roƙa ba.

"Ba don kai ba, Malam. Don yarinyar."

Na karɓi ragin. Wannan ne wurin da har yanzu in na tuna nake jin zafi a kunnuwana.

Kwana tara na yi a aljannar duniya. Ina dawowa daga makaranta, in yi la'asar, in hau titi. Na kai siminti wata ƙasa mai ƙanƙara, na kai shanu wata mai duwatsu. Matata Rabi takan leƙo ta ce, "Direba, a kawo abincin nan ne ko sai ka isa tasha?" Ban damu ba. Asirin da ke tsakanin miji da mata ai ba ya fita zaure.

Ranar Asabar da hantsi, ina falo daga ni sai singileti, ina gangara wani dutse da lodin gilashi, ga wata muguwar kwana a gaba, sai na ji sallama, ba ta mutum ɗaya ba. Na rufe laftof ɗin da sauri na tura ta ƙarƙashin jarida, na zura riga a baibai.

Yaya ce a gaba. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa har gobe ba ta san ni da wani suna ba sai Auta. Bayanta mijinta, Malam Shehu, tsohon magatakardar kotu, mutumin da ko sannu zai yi maka sai ya tsara ta kamar hukunci. Sai Sa'adatu, kai a ƙasa, ɗauke da kula biyu, ɗaya dambun shinkafa, ɗaya farfesun kaza. Na ɗauka an sa mata rana ne.

Bayan gaisuwa, Malam Shehu ya gyara zama.

"Malam, mun zo ne a kan abin da ka ɓoye. Jiya yarinyar nan ta bi ta PZ, mai shago ya tare ta yana mata murna. Mun san halinka, ba ka son a ji. Amma alheri irin wannan ba a yi masa shiru. Abin da uba ya kasa, kawu ya yi."

Yaya ta share ido da gefen mayafi.

"Auta, ba ka san abin da ka cire mana ba. Wata biyu tana bin ƙawaye aro, sai sun gama nasu ta taɓa. Malaminsu ya ce duk wanda bai kawo aikinsa ba ƙarshen watan nan sai ya maimaita shekara. Har na kira mai sayen keken ɗinkina."

Na buɗe baki. Na karanta tarihin sarakunan da suka yi jawabi a bakin mutuwa, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai... ba komai."

"Ina take?" in ji Malam Shehu. "Kawo ta a sa mata albarka."

Na dubi Rabi ko za ta cece ni. Rabi ta ɗaga jarida da hannunta, ta ɗauko laftof ɗin, ta ajiye a kan tebur a gaban baƙi, har da gogewa da bakin zani. Malam Shehu ya yi bisimilla, ya sa tabarau, ya ce wa Sa'adatu ta buɗe abarta.

Ta buɗe.

Ashe rufe murfi ba ya tsayar da tirela, barci kawai yake sa ta. Ƙarar inji ta cika falon. A gaban idon kowa motata ta ƙarasa gangarar, ta ƙi kwanar, ta daki ƙarfen gefen titi, gilashin mutane ya tarwatse da ƙara kamar an zubar da kwanukan biki. Yaya ta yi salati. Sai allo ya tsaya cik, ga rubutu ɓaro-ɓaro a sama, sunan da na zaɓa wa kaina da hannuna.

Malam Shehu ya matso da fuska, ya karanta a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar yana karanta takardar tuhuma.

"Sarkin... Direbobin... Samaru." Ya ɗago. "Wane ne wannan?"

"Gwaji ne," na ce. "Ai ba a ba yarinya abu ba a gwada ba."

"Gaskiya ne," in ji Rabi, tana zuba wa baƙi ruwa. "Yau kwana tara yana gwadawa. Jiya ma har Sallar Magariba ta kusa kuɓuce masa saboda gwaji."

Sai na ga fuskar Sa'adatu. Yarinya ce mai kaifin basira, kafin kowa ta haɗa lissafin. Ta janye hannunta daga kan kibod a hankali, ta mayar cinyarta.

"Kawu, ba komai wallahi," ta ce da ƙaramar murya. "Ka riƙe abarka. Mai shagon ne bai fahimta ba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai kawai na faɗi gaskiya, tun daga alwalar malamin kwamfuta har zuwa ragin da na karɓa da sunanta. Na faɗa ina kallon tabarma, kamar yadda ɗaruruwan yara suka taɓa tsayawa a gabana suna kallon siminti.

Ina jiran faɗa sai na ji wani sauti. Yaya ce, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Daga nan dariyar ta ƙwace mata, ta dubi mijinta.

"Wayyo cikina! Malam, ka ga yaron nan? Yana ɗan shekara shida murfin tukunyata yake sacewa ya yi sitiyari, ya zagaye tsakar gida yana 'Kano ɗaya, Kano ɗaya!' Ni na zane shi na ce boko zai yi. Ashe direban yana nan a ciki, furfura kawai ya yi!"

Malam Shehu bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa yana motsi.

Na tashi na ɗauko caja da jaka da rasit, na haɗa na ɗora wa Sa'adatu a cinya. Ta ƙi, na nace, ta dubi uwarta. Yaya ta ce, "Karɓi. Da sunanki aka saya, kuma kazata ba za ta mutu a banza ba." Aka sake ɗaga hannu aka yi addu'a, wannan karon na ce amin da ƙarfina. Na ci dambun nan ina jin kamar kowace loma da ram aka haɗa ta.

Da za su tafi, Sa'adatu ta tsaya a zaure, jaka a ƙirji.

"Kawu, ba zan goge wasan ba. Ranar Lahadi ba na zane."

Ta miƙa aikinta a kan lokaci. Ni kuma yanzu dangi suna ba da misali da ni wajen zumunci, domin ba Lahadin da ba na zuwa Unguwar Gabas gaishe da Yaya. Nakan gaishe ta minti biyar. Sauran awa biyun ina ɗakin Malam Shehu, yana zaune a gefena da carbi, yana cewa, "Rage gudu, Malam. Ba ka ga alamar kwana ba ne? Sa sigina."

Darasin da na koya ba shi da tsawo. Idan kunya ta sa za ka yi ƙarya da sunan wani a garin Zariya, to ka tabbata abin da ka saya ya dace da shi, kuma ka yi sallama da abin tun a shago, domin kafin mako biyu uwarsa za ta iso da kula.