Ranar da Na Durƙusa wa Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa ba, da girmana da furfurata na durƙusa wa kwamfuta.

Jikana Habibu yana yi wa wani kamfanin fasaha na ƙasar waje aiki daga ɗakinsa a Rano. (Ni dai abin da nake gani, mutum ya wuni yana danne-danne, ƙarshen wata ya aiko min da shinkafa.) Rannan matarsa ta zo ƙauyenmu Fammar ta ce min an sallame shi.

A sanina, ba a korar ɗan ƙwadago sai ya yi sata ko lalaci, kuma Habibu ba malalaci ba ne. Shi da bakinsa ya ce min kamfanin bai taɓa cin riba irin ta bana ba. To wa ke korar manomi shekarar da rumbu ya cika? Kafin in hau mota sai da na bi maƙwabta na ce a taya ni addu'a, yaro ya ɗauki abin mutane.

Ina isa, a gaban matarsa na ce, "Faɗa min abin da ka ɗauka."

"Haba amaryata, ko allura!"

"Ba wasan jika ya kawo ni ba."

Yadda muka gada, in yaro ya ɓata wa ubangidansa, manya ke zuwa ban haƙuri. Na kwance goron da na sayo, na ce ya kai ni. Ya ce ubangidan ba shi da zaure, sai dai a kira shi. Ya kira. Wani Bahaushe ya bayyana a gilashin kwamfutar, ko hula babu.

Na gyara mayafi, na durƙusa, na tura goro gaban gilashin.

"Ranka ya daɗe, maraya ne, ni na raine shi. A yi masa aikin gafara."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Hajiya, don Allah tashi. Habibu bai yi komai ba. Ni ma jiya aka sallame ni."

"To wa ya kore ku?"

"Saƙo kawai muka gani."

Ya ce masu hannun jari ba ribar bana suke dubawa ba, so suke ta baɗi ta fi ta. Albashin da aka tsame za a zuba shi a sabuwar na'ura mai yin aikin mutane da yawa. Kuma sun ga wasu kamfanonin sun rage ma'aikata, su ma suka bi sahu.

Na yunƙura, gwiwa ta ƙi. Wanda na kira ɓarawo shi ya ɗaga ni. Matarsa ta shige ɗaki da sauri (wai tari ne ya sarƙe ta).

Aikin dai bai dawo ba. Sunan yaron kuwa, gida-gida na bi a Fammar ina wanke shi, kowa na ce min, "Ai dama mun ce, Hajiya." Ba wanda ya ce.

Yanzu in aka ce min an kori wani, ba na tambayar me ya yi. Sai in ce, Allah sarki, ashe kasuwa ta yi wa maigidansa kyau.