Ranar da Na Zama Maciji a Aji Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a koyarwa ba, kuma ko na so in manta, mutanen garin ba za su bari ba.

An tura ni wata firamare kusa da Rimawa, aka ba ni aji ɗaya. Ban daɗe da dawowa daga wata bita a Goronyo ba, inda aka koya mana sabuwar dabarar koyar da karatun Turanci: a fara da sautin harafi kafin sunansa, kuma kowane sauti a haɗa shi da motsin jiki. Na dawo ina jin ba malami kamata (ni kaɗai ke jin haka).

Lokacin kuwa ina neman auren Hadiza. Mahaifinta, Baba Alhaji, gonarsa ta albasa tana bayan ajinmu. Mutum ne mai kwarjini, ban taɓa ganin haƙorinsa ba. A gabansa ko tari ba na yi.

Ran nan muka zo kan sautin "sss". Na gaya wa yara Turawa na rubuta shi da s, wani lokaci ss, wani lokaci ma da c. Nan aka tsaya. Wata 'yar ƙarama mai suna Nana ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, c ɗin nan ai na cokali ne da cinya."

Gaskiyarta, da Hausa. Sai na zana musu a allo: s maciji ne mai tafiya, ss macizai biyu, c kuwa macijin da ya naɗe yana hutawa, amma duk kukansu ɗaya. Suka zuba mini ido kawai. Abin ya motsa ni. Na cire hula, na kwanta a ƙasa da farin kaftanina, na kama jan ciki ina "sss". Aji ya kaure da dariya. Daɗi ya ɗebe ni, na lanƙwashe kamar c, har da fiddo harshe.

"Mene ne wannan?"

"Maciji!"

"Ban ji ba!"

"MACIJI!"

"Nawa ke cikin ajin nan?"

"HUƊU!"

(Ashe tagar baya a buɗe take.)

Sai ji na yi an banko ƙofa. Manoma ne, wani da fartanya, wani da sanda, hedimasta can baya yana leƙe. A gabansu Baba Alhaji, ya ɗaga gora sama yana haki.

"Ina shike?"

Yaran nan, Allah Ya shirye su, duk suka nuna ni. "Ga shi nan!"

Na yunƙura in durƙusa in gaishe shi, bakina ya ƙi sauka daga kan darasi. "Sss... sannu, Baba."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, duk na yi buɗu-buɗu. "Malam, mi ya same ka? Ya sare ka ne?"

"A'a, Baba. Karatu ne."

Kafin in sami abin ƙarawa, Nana ta ruga allo tana taɓa haruffan ɗaya bayan ɗaya, aji na amsawa "sss", har da c ɗin da suka ƙi ɗazu. Baba Alhaji ya sauke gora a hankali. Kafaɗunsa suka fara rawa. Can dariya ta ƙwace masa, sai da ya zauna kan bencin yara yana share hawaye.

"Karatun yanzu har da jan ciki!" in ji shi.

Na koma gida na tabbata aure ya sha ruwa. Da na daure na je zance, Hadiza ta shimfiɗa mini tabarma ta ce, "Zama za ka yi, ko naɗewa?" Daga baya kawuna ya gaya mini Baban ya ce wanda zai birgima a ƙasa saboda 'ya'yan wasu, ba zai wulaƙanta tasa ɗiyar ba. Aka ɗaura aure bayan an cire albasa.

Abin da na koya shi ne, duk darasin da ke da dabba mai cizo, a fara sanar da maƙwabta. Mako na gaba sautin "zzz" ne, na ƙudan zuma. Sai da na bi gona-gona na yi sallama kafin in shiga aji.