Rasuwar Malam Shiru, Injin Niƙan Matan Tsamaye

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba za ni ɓoye ba, ni Kubura, matar Malam Badaru, a madadin ƙungiyar matan unguwarmu ta Tsamaye, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin niƙanmu mai aiki da hasken rana, wanda aka fi sani da Malam Shiru. Ya cika ranar Talata da hantsi, da rabin kwanon dawa a bakinsa. Ya rasu yana da shekara biyu da wata bakwai.

Marigayin ya zo mana a bayan babbar mota, tare da farantan sola goma sha biyu, da wasu baƙi 'yan wata ƙungiya daga birni. Sunka kafa allo, sunka ɗauke mu hoto har wuyanmu ya gaji, sunka ce daga ranar talauci ya bar garinmu. Munka yi guɗa. Ni anka damƙa wa makullin ɗakinsa.

Mun shaidi Malam Shiru da kyawun hali. Bai taɓa neman a sayo masa mai ba, rana kawai yake sha. Ba ya hayaƙi, ba ya tsawa irin ta injin dizal. Iyakar maganarsa "zuuu", a hankali, har ki gaisa da maƙwabciyarki a gabansa ku ji juna. Albarkacinsa Sa'adiya mai fura ta fara kai kayanta kasuwar Bafarawa, ta rufe ɗakinta da kwano. 'Yan matanmu sunka daina makara a Islamiyya. Inna Kande, tsohuwar da ta shekara arba'in tana daka, ta taɓa nuna mani tafin hannunta ta ce, "Kubura, duba, kantar daka ta faɗi. Ashe haka hannun mutane yake?"

Ciwon ajalinsa ya fara ne da wata jar fitila da ta riƙa ƙiftawa a ƙirjinsa. Sai ya yi niƙa ya tsaya, ya ce "ƙit, ƙit", ya ci gaba da ƙyar. Munka kira lambar da ke jikin allo, anka ce mana layin a kashe yake. Munka kira gobe, munka kira jibi. Sai munka kirawo Marwan mai gyaran rediyo daga garin Isa. Ya buɗe, ya sunsuna, ya ce, "Yaya Kubura, injin ga lafiya lau yake. Wagga 'yar akwatin da ke juya mashi wuta ita ce za ta ƙone. Ba ta fi tafin hannu ba, amma babu irinta Isa, kuma in na taɓa ta na ƙarasa ta."

Malam Badaru ya ɗauki hanya har Sakkwato neman masu allo. Ya iske ofishinsu da kwaɗo. Mai gadi ya ce masa, "Malam, ai aikin nan ya ƙare tun bara. An rubuta rahoto, an ce ya yi nasara." Ya samu wani injiniya a kasuwa, shi kuma da ya ji sunan garinmu sai ya girgiza kai ya ce hanyarmu ba ta biyuwa yanzu, a kawo masa mara lafiyar. Wa zai ɗora injin niƙa a kan babur ya ratsa daji da shi?

Mako uku yana jinya. Waɗanda sunka kawo shi ba su koya wa ko mutum ɗaya cikinmu yadda ake kwance ƙusarsa ba.

Marigayin ya bar marayun faranta goma sha biyu, suna nan kan rufi suna shan rana kullum ba su da inda za su kai ta. Ya bar mata arba'in da uku, da Sa'adiya wadda ta janye daga kasuwa, da Inna Kande da ke shafa man kaɗe a kafaɗa. Ya bar allo, wanda ke cikin ƙoshin lafiya, har yanzu yana shelar cewa Tsamaye ta samu ci gaba.

Za a lulluɓe gawar da tamfol ranar Juma'a bayan la'asar, a ɗakinsa. Ba za a binne shi ba, don Marwan ya ce in akwatin ta samu zai tashi. Muna roƙon masu sayen tsohon ƙarfe su daina zagaya ƙofarmu, mun gan ku. Za a karɓi gaisuwa a gidan Malam Badaru har kwana uku, kuma duk wanda ya san inda ake sayar da wagga akwati a shigo da shi gaba da kowa.

Akwai gumbar sadaka. Kowace mace ta zo da taɓaryarta.