Yatsa a Jikin Mota

Wani ne a Toledo ya sayi motar sayar da sosej cikin burodi. Ranar Asabar zai buɗe a bikin baje kolin gari, ga motar fara fes ba ko alama a jikinta. Sai ya garzaya shagon Darlene mai buga alluna, ya tura mata hoton tambarinsa daga waya, wata saniya mai murmushi da matarsa ta zana.

Darlene ta ƙara wa hoton girma, saniya ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai kamar tayil ɗin banɗaki. Ta yi masa bayani cewa hoton waya ɗige-ɗige ne. Sai an bi shi da layuka a kwamfuta, sannan ko girman bene aka yi shi ba zai fashe ba. Aikin kwana huɗu ne.

Gogan naka ya ce kwana huɗun me? Washegari sai ga shi da takarda, ya bi saniyar da biro da rula.

"Ga layukan, 'yar'uwa."

Darlene ta dafe kai. Ta ce ba irin waɗannan ba.

Ya koma gida a fusace. Can ya gano manhajar zane tana da maɓallin da ke bin hoto da kansa. Ya riƙe katin kasuwancinsa mai ɗauke da tambarin, ya ɗauke shi hoto, ya danna. Kwamfuta kuwa ba ta da ha'inci, duk abin da ta gani ta bi, har da babban yatsansa da ya danne rabin saniyar. Shi ko dubawa bai yi ba, ya tura.

Darlene ta bugo waya ta ce akwai wani abu a ciki fa.

"Ke dai buga. Kada ki taɓa min ko layi ɗaya."

Ta buga.

Ranar Asabar mota ta iso fili. Jama'a suka yi cirko-cirko. Ga yatsa jajawur, tsawonsa ƙafa takwas, kowace tsaga ta fito tsaf, a ƙasa an rubuta "Nama Zalla". Awa uku ba wanda ya matso, mutumin naka sai zufa yake yi.

Can wata tsohuwa ta dogaro sanda ta zo. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta leƙa taga.

"Ɗan nan, ba ni guda biyu. Amma a cire min farcen."