Shimfiɗar Shanu a Kaskon Umma

Ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na turara baƙin Umma da kashin shanu. Ko ni na manta, matan unguwarmu ta Hindawiyya ba za su bari ba.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka tura ni koyon aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata gonar shanun madara da ke bayan gari, can hanyar Jumum. Ni haifaffiyar Makka ce, ban taɓa ganin saniya kusa da kusa ba sai a cikin miya. Ranar farko likitan dabbobin gonar, wani dattijo ɗan Sudan, ya zagaya da ni rumfunan dabbobin. Na ga shanu kwance a kan wani abu mai laushi, ruwan ƙasa, kamar garin katako. Na tambaye shi mene ne, ya ce kashinsu ne. Na ɗauka irin tsokanar da ake yi wa sabon shiga ce, sai ya kai ni wajen injin. Ana kwaso kashin, a matse ruwansa, a zuba abin da ya rage a wata ƙatuwar ganga mai juyawa har ya ɗauki zafi, ya fito a bushe, a mayar wa shanun su kwanta a kai. Na ɗebo da hannu na shinshina (ba wanda ya sa ni). Wallahi ba wari, sai ɗan ƙamshin ƙasa.

Aikina shi ne in riƙa ɗebo shimfiɗar nan ina gwadawa, in ga yawan ƙwayoyin cutar da ke ciki. In suka yi yawa suna shiga ta kan nonon saniya, hantsarta ta kumbura, madarar ta lalace. Likita ya ce mini muddin shimfiɗar a bushe take, da sauƙi, amma da ta jiƙe da fitsari ko ɗigon madara, sai ƙwayoyin su sake yawa. To ni ina da ciwon tambaya tun ina ƙarama. Waɗanda zafin ganga ya kashe, daga ina suke dawowa? Kuma ranar Makka, wadda ke narkar da takalmin mutum a kan kwalta, ba za ta iya abin da gangar ke yi ba? Na dame shi har ya gaji, ya ce, "Ki gwada ki gani mana." Shi a ɗakin gwaji yake nufi. Ni kuwa na cika leda na jefa a jaka na taho gida.

A nan Umma ta shigo labarin. Turaren wuta take haɗawa, kuma tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidanmu. Ba ta da shago, ba ta da talla, sunanta kawai take da shi. Alhazai daga Kano da Maraɗi sukan tako tun daga masaukinsu a unguwar Misfala su nemo gidanmu don wata ta gaya wa wata. Saboda haka ba ta wasa da kwalabenta. Ni ce dai na yi wasa da su.

Na ɗauki guda uku da babu komai a ciki. Ta farko na zuba busasshiyar shimfiɗa na rufe. Ta biyu na fara shanya abin a saman bene tukuna. Ta uku na yayyafa mata ruwa da madara, kamar dai yadda take zama a ƙarƙashin saniya, na ajiye su duka a bayan kantar da Umma ke jera turarenta, don ɗakin ba na'urar sanyi, akwai ɗumin da nake so. Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne ya rubuta suna a jikin duk abin da zai gwada. Ban rubuta ba. Ai na san kayana.

Bayan 'yan kwanaki ta ukun ta yi duhu, ta yi danshi, ta ɗan dunƙule. Na tsaya ina kallonta cike da sha'awa, har na ce a raina, kai, kamar haɗin turaren hawi na Umma. Na faɗa da kaina, amma ban ji abin da na faɗa ba.

Ran nan bayan la'asar Hajiya Zulai ta zo. Babbar mace ce a unguwa, za ta aurar da 'yarta, tana neman mai haɗa turaren amarya da na rabon 'yan biki. Duk wadda ta samu aikin nan, ta samu dangin Hajiya kaf. Tare ta zo da surukarta, Iya Hadiza, tsohuwar da ta taso a karkarar Chadi kafin su zo nan. Umma ta kwana biyu tana shiri, har ta sake jera kantarta da safe ta haɗa kwalabena da nata, abin da ban sani ba ke nan.

"Ya binti, 'yata, ɗauko min na hawin nan, mai duhun," in ji Umma. "Ki sa a kasko ki kawo wa Hajiya."

Na shiga da rawar jiki na ɗauko mai duhun. Na buɗe, ƙamshin tsohon turaren da kwalbar ta riƙe ya bugi hancina, ban yi shakkar komai ba. Na ɗebi cokali guda, har na ƙara don baƙin manya ne, na zuba a kan garwashi. Na durƙusa na miƙa. Hajiya ta ɗaga gefen abayarta ta tura kaskon ƙarƙashi kamar yadda aka saba, ta lumshe ido.

Hayaƙin ya fara fitowa ta wuyanta, fari, mai kauri. Hajiya mace ce mai kara, ta ɗan yi tari ta ce, "Masha Allah, Hajiya Amina, sabon haɗi ne? Yana da ƙarfi marra, ƙarfi sosai." Umma ta ƙura wa hayaƙin ido. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kamar wadda aka ce ta faɗi sunan ɗanta ta manta.

Iya Hadiza ce ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja, ta ce a hankali, "Wannan ai kashin shanu ne. Da shi muke korar sauro muna yara."

A lokacin na gane komai. Kuma (Allah Ya yafe mini) abin da ya fara zuwa raina shi ne in yi shiru. Ba wanda ya san da kwalabena. Amma na dubi Umma, na tuna cewa kafin isha'i za a ce mai turaren Hindawiyya tana cakuɗa kayanta da kashi. Sai na ce, "Nawa ne. Ba na Umma ba ne. Gwaji nake yi."

Da na tsaya nan da an ce yarinya ta yi kuskure. Amma Hajiya ta tambaya, "Gwajin me?" ni kuma ba a yi mini tambaya in ƙyale. Na kama bayani tun daga injin matsa har ganga, har hantsar saniya, ina durƙushe, hayaƙi na tashi. Na ƙare da cewa, "Wannan kwalbar ma ita nake sa ran ta fi yawan ƙwayoyin cuta." Hajiya ta zaro kaskon da sauri. Na ce kada ta damu, wuta ta kashe su.

"Halas," in ji Umma, wato ya isa. Kalma ɗaya, amma na ji ta har cikin ƙashina.

Damuwar Hajiya ashe daban ce. Harami za ta wuce sallar magariba, ko za ta iya salla da abayar? Iya Hadiza, wadda dariya ta hana ta zama daidai, ta ce kashin dabbar da ake ci ba najasa ba ne, sai dai ta tausaya wa na kusa da ita a sahu. Umma ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar abayarta, wadda ba ta taɓa sawa ba, ta turara ta da hawin gaske, ta ba Hajiya. Sannan ta kwaso kwalabenta duka ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya a gabansu, tana miƙa wa tsohuwar tana shinshinawa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, ina fata ƙasa ta tsage.

Hajiya ta ba Umma aikin, da sharaɗi ɗaya da ta faɗa tana kallona. Labarin kuwa ya riga mu zuwa wurin bikin. Har yau in mata suka zo saye sai su ce, "Hajiya Amina, a ba mu wanda likitar shanu ba ta taɓa ba." Umma takan amsa ba tare da ta yi murmushi ba, "Duk ba ta taɓa su ba."

Sauran da ya rage a kwalbar na kai gona na gwada, tare da ɗayan biyun (likita ya yi mini faɗan ɗaukar kaya gida, sannan ya matso ya ga sakamako). Ta farko ƙwayoyi kaɗan ne, wadda ta sha rana ma haka. Mai danshin kuwa ƙwayoyinta sun cika farantin gwaji. Ashe zafi bai gama da su duka ba, ragowar jira kawai suke a jiƙa musu wuri. Na dawo gida da murna na gaya wa Umma cewa hasashena ya yi daidai. Ta dube ni ta ce, "Abayata fa?"

Yanzu ko ruwan sha na zuba a gora sai na rubuta suna a jiki. Kuma na koyi cewa in aka tambaye ka "gwajin me?" alhali hayaƙi na fita ta wuyan baƙuwa, ba amsa ake nema ba.